Rana ta Zuloti Arba'in

A Łódź, in Nuwamba ta kama,
rana leƙe kawai take yi ta wuce,
kamar mai bin bashin da ya tarar da ƙofa a kulle.

Dobrawa, jikata, ta tafi Bergen aikin jinya.
Ta bar mini kifi tara a akwatin gilashi,
da ganye a ruwa,
da takarda manne jikin firji:
"Kaka, kifin ba su da wuya. Ganyen ka kula."

Mako uku, ganyen ya kwaɗe.
Dogayen suka miƙa wuya, sirara kamar zare,
suna neman abin da babu a ɗakin.
Gajerun narkewa suka yi,
ka taɓa, su bi ruwa.
Fitilar murfin ta tsufa,
ta yi jawur kamar idon da ya kwana bai runtsa ba.

Na je kanti.
Yaron ya ɗauko wata baƙa, siririya,
ya ce tana yin asuba, tana yin almuru,
har hadari tana kwaikwaya.
Na juya kwalin: ɗari bakwai.
Na ce, "Ɗana, fansho nake ci,"
na mayar da ita a hankali, kamar ƙwan mutane.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaurin waya a taragon lantarki.
Yau haske zai gagare ni a kan kifi tara?

Ranar Asabar, kasuwar Bałuty,
tsakanin mai tsofaffin takalma da mai kabeji,
na sami zaren fitila, irin na ƙarƙashin kabad ɗin kicin,
fari tas, farin tsakar rana.
Mita biyu. Na taya, ya ƙi, na juya, ya kira ni.
Wiesława ta hawa na uku ta ba ni guntun indararo
da ya shekara yana tare mata baranda.
Na goge cikinsa har na ga gemuna.
Na narka dalma, hannu na rawa,
na toshe kowace mahaɗa,
don ruwa da wuta ba su taɓa zama surukai ba.
Duka-duka, har da kuɗin mota, zuloti arba'in.

Na kunna.
Kifin suka watse bayan dutse,
sannan suka fito ɗaya-ɗaya,
ashe shuɗi ne a bayansu, ban taɓa sani ba.

Sai zari ya kama ni.
Na ce wanda ya daɗe da yunwa a cika masa kwano.
Tun asuba har sha biyun dare tana ci.
Kwana goma, gansakuka ta ci gari:
gilashi kore, dutse kore,
ganyen da nake ceto ya yi gemu ya fi nawa.
Na zauna da tsohon katin banki ina kankara,
ina zagin kaina da sunan da uwata ke kirana in na yi ɓarna.

Na ɗaga fitilar yatsa huɗu a kan katako.
Na sayo ɗan agogon da ke kashe wuta da kansa,
awa bakwai, ko minti ba ƙari.
Ashe ganye ma yana son a bar shi ya yi dare.

Ran sha tara ga Disamba,
dusar ƙanƙara na sauka a kan layin tarago,
ina riƙe da shayi,
na ga wani ɗigo a bakin sabon toho,
ƙwayar iska, kamar dutsen kunne.
Ta yi jim, ta saki, ta hau.
Wata ta biyo ta. Wata.
Ganyen ne ke numfashi a gabana.
Shayin ya huce a hannuna.

Na ɗauki hoto, ya karkace, yatsana a gefe.
Na aika Bergen.
Sai can dare, bayan ta tashi aiki, amsa ta zo:
"Kai, ya yi kyau! Na wane ne?"