Tafinta a Gonar Masakwa

Ni ne tafinta. Kujerata tana can baya,
ƙarƙashin fanka mai tari.
Shekara tara ina juya magana kamar waina a tanda,
gefe guda Faransanci, gefe guda Ingilishi,
a ɗakin taron jami'ar Marwa.

Ran Talata suka iso.
Dakta Yagana daga Maiduguri, ta biyo ta Banki,
shinge goma sha ɗaya ta ƙirga a hanya.
Farfesa Adum daga Injamena, ya hayo gada ta Kusuri,
ɗan kwastan ya zazzage masa jaka,
ya ga ƙullin iri arba'in, kowanne da lamba,
ya ce: kai malami ne, ko ɗan kasuwa?

Namu, Malam Hamajoda, ya ɗaura kwat a zafin nan
don kada a ce mai masauki ya gaza.
Yarjejeniya shafi ashirin da biyu.
Awa uku muka kashe a kan layi ɗaya:
wa zai riƙe mabuɗin rumbun iri?
Wannan ya ce ajiya, waccan ta ji mallaka,
ni a tsakiya, gumi har gemu,
ina rabon faɗan da ban san mafarinsa ba.
Aka kira la'asar, kowa ya naɗe takardarsa,
ba sa hannu, sai gaisuwa.

Washegari mota ta sauke mu a bayan Salak.
Damina ta yi sallama, laka ba ta bushe ba.
Bappa Njidda na dashe:
ya soka turke, ya zare,
ya zuba ruwa rabin moɗa,
ya dasa tsiro biyu, ya taka gaba.
Bai ɗago ya dubi takalmanmu ba.
Abin da ƙasa ta ɓoye, shi shukarsa za ta sha,
ba ta jiran sama ta yi tsawa.

Yagana ta tuɓe takalmi, ta shiga har idon sawu.
"Wayyo, irin kakata ne na Dikwa!"
Da Hausa ta faɗa, ba ta ma san ta faɗa ba.
Adum ya yi dariya, da Hausar kanti ya amsa:
"Mu berebere muke ce mata."
Hamajoda ya rataye kwat a ƙaya: "Mu muskuwari."
Na buɗe baki don in yi aikina,
na tarar babu abin juyawa.

Tsoho ya jingina da turke.
Ya ce ubansa ya samo irin a hannun wani Bashuwa,
musayar ɗan akuya, shekarar fara,
shi kuma Bashuwan daga hayin kogi ya zo da shi,
ba wanda ya buga masa hatimi.
Sai ya goge hannu a riga, ya tambaya:
"In kun gama littafin, sunan wa za ku sa a kai?"

Shiru.
Digiri bakwai na ƙirga a bakin gonar nan,
ba ɗaya da ya iya amsawa.

Da dare aka sa hannu. Mabuɗi uku aka yanka.
A ƙasan shafin ƙarshe Yagana ta ƙara layi da biro,
Adum ya miƙo mini: fassara.
Na duba. Njidda ɗan Buba, Salak.
Na ce, ranka ya daɗe, wannan ba ya fassaruwa.

Yau wata takwas.
Kuɗin da aka yi alkawari har yanzu suna hanya,
fanka na nan da tarinta.
Amma jiya direban motar kifi ya tsaya a ƙofa,
ya ba ni gwangwanin madara an liƙe da leda,
an rubuta: a kai wa Bappa, ya gwada mana wannan.
Na girgiza shi a kunne.
Da yarensa ya yi magana, kuma na ji:
ƙwayar masakwa.