Danginsa Na San Su

Tasi'u ya dawo daga ƙasar sanyi
da ƴar kwalba a aljihun jaka,
ruwa garau kamar na randa,
suna a jikinta mai sarƙe harshe: amamelis.
Ya ce itace ne can mai fure lokacin ɗari,
ganye da ɓawo ake tacewa,
a shafa wa cizon sauro, ƙurji,
da basir mai hana zama.

Gwaggo Magaram ta buɗe murfin,
ta sansana, ta ɗiga a bayan hannu,
ta jira fatar ta yi magana.
Da ta ji ta tsuke, sai ta yi dariya:
"Baƙo ne, amma danginsa na san su.
Je ka bayan Birni, wajen majema,
ka tambayi bagaruwa."

Ni na tashi cikin warin nan.
Babana ya daka ta a turmi mai tsaga,
ya jiƙa fatar akuya kwana da kwanaki
har ta daina zama nama,
ta zama takalmi, ta zama kube.
Ranar da na faɗi kan dutse, na kuje gwiwa,
ruwan da ya jeme fata
irinsa Gwaggo ta dafa sabo,
ta wanke mini, ina ihu, tana ƙirga:
ɗaya, biyu, shi ke nan, tashi.

Haladu tela ne bai ji ƙirgar ba.
Shekara goma kan keken ɗinki a kasuwar Dole,
zama ya zame masa wuta.
Ya ga rubutun Nasara a jikin kwalba,
ya ce abin da ya haye teku
ba a ɓarnatar da shi a kan fata.
Ya roƙi Tasi'u, ya kai gida,
ya kafa kai.
Ya bi da ƙoƙon bagaruwa mai kauri,
wai biyu ta fi ɗaya.

Daren nan unguwa ba ta runtsa ba.
Ciki ya murɗe kamar wankin zane,
amai har ba sauran abin fitarwa.
A bayan babur aka kai shi asibiti,
takalminsa ɗaya ya rage a ƙofar gida.

Gwaggo ba ta ce na faɗa ba.
Ta zauna bakin gado da ƴar butarta, ta ce:
"Haladu, cikinka ba fatar akuya ba ne,
wa ya ce ka jeme shi?
Magani da guba uwa ɗaya uba ɗaya,
awo ne ya raba musu gado.
Na shafawa, a shafa.
Mai ciki ta tambaya, jariri a bar shi.
Ciwo mai zurfi, jinin da ya ƙi tsayawa,
ba nawa ba ne, na likita ne,
ni ma nan nake kawo idona."

Kwalbar tana nan kan taga, saura kwata.
Gefenta ƙullin bagaruwa a tsumma.
Da yamma in sauro ya taso daga tabki,
jikoki kan zo da ƙafafu a miƙe,
ta duba wannan, ta duba wancan,
ta ɗauki wanda ya fi kusa da hannu.

Haladu ya sayi matashi mai laushi.
Yanzu yakan miƙe tsakanin riga da riga.