Iyakarsa Zaure

Ƙarfe ɗayan dare a Kakuri,
janareta na tari a bayan shago.
Kwamfuta goma sha huɗu sun yi barci,
ɗaya ce ta zuba mini ido.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Ina rubuta wa burauza doka.

Na san halinsa. Ɗan aike ne mai sauri,
ya zaga duniya kafin ka haɗiye yawu,
ya dawo da abin da ka aike shi
har da wanda ba ka aike shi ba,
maƙale a rigarsa kamar ƙarangiya.

Watan jiya ya shigo mana da ɓarawo.
Ba ta taga ba, ba ta rufi ba.
Wani yaro ya danna tallar cacar ƙwallo,
sai ga hannu daga wata uwa duniya
yana laluben takardun mutane,
sakamakon jarrabawa, lambar asusu,
hoton fasfo na mutum ɗari uku.
Oga Tanimu ya zauna a kan benci,
ya ɗora hula a gwiwa, bai ce uffan ba.

To, yau na yanka masa wuri.
Zaure, nan ne iyakarsa.
Kowane shafi da ɗan ɗakinsa,
bango a tsakani, ba leƙe, ba gaisuwa.
Na manna wa kowane fayil tambari,
kowane aiki ma da nasa.
In tambari bai shaida tambari ba,
ƙofa ba ta san kowa ba.
Duk abin da ban ce na yarda ba
an hana shi tun kafin a tambaya.

Ba dokar ganin dama ba ce
da ake sassautawa da "don Allah".
Tana can ƙasa, a zuciyar na'ura,
mai gadi ne da ba ya karɓar goro.
Ko mai fayil ya ce na yafe, shiga,
ko Oga ne ya sa baki,
ƙofar nan ba ta motsi.

Da safe Rifkatu ta zo daga Sabon Tasha,
neman aikin jinya, yau za a rufe.
Ta cike komai, saura hoto.
Ta danna. Shiru.
Ta sake dannawa.
Firinta ma ta yi gum.
"Malam, injin naku ya mutu ne?"

Na buɗe kundin mai gadi:
an hana, an hana, an hana,
layi ɗari biyu da sha ɗaya,
kuma duk umarnina yake bi.
Na ɗaure akuya tamau
har bakinta bai kai ga ruwa ba.

Zuciya ta ce kwance duka,
jama'a sun kai wajen mai gasa masara,
maɓalli ɗaya ne, kowa ya huta.
Yatsana ya je, ya tsaya.
Hular nan a kan gwiwa.

Sai na huda ƙofa faɗin tafin hannu:
jaka guda, ya karanta, kada ya rubuta,
ya ɗauki hoto, ya miƙa, ya koma zaure.
Wata 'yar kafa kuma zuwa firinta.
Kyamara da sauran ɗakuna,
na bar su da kwaɗonsu.

Hoton ya tafi sha biyu saura.
Ta ƙirga canjinta sau biyu,
ta tsayar da Keke, ba ta waiwayo ba.

Bayan isha'i na sake duba kundi.
Can tsakiya, layi ɗaya daban:
ƙarfe uku da minti bakwai,
kwamfuta ta tara, ta kusa da fanka,
wani abu ya nemi ɗakin kalmomin sirri.
An hana.

Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba.
Ban ma gaya wa Oga ba tukuna.
Na kashe fitilar gaba,
na ɗora ruwan shayi.