Salsalar Liyari

A gidanmu na Alfindiki, a soron ciki,
akwai gwangwanin alewa da ba alewa a cikinsa.
Anini mai huda, ɗari, kwabo,
taro mai kusurwa goma sha biyu, sisi, sule, fataka,
da wuri tara da na tsinta a gaɓar Jakara
ran da ruwa ya ci katangar wani attajiri
da ba mai tuna sunansa.
Kowanne na naɗe shi a ƙyalle, da 'yar takarda:
daga hannun wa, zuwa hannun wa, kafin ni.
An ce kuɗi ba su da baki.
Ni kam sun sha hana ni barci da hira.

Babbansu liyari ne.
Azurfa mai sanyi, ya cika tafin hannu,
kan wata mace mai lulluɓi a fuska ɗaya,
mikiya mai kai biyu a ɗayar.
Takardarsa ta fi ta kowa tsawo:
Madugu Ɗantsoho ya karɓe shi a Agadas, kuɗin turkuɗi,
ya ɗinke shi cikin laya, ya kawo shi gida a damtse.
Ya ba Inna Tasalla, ta binne a gindin randa.
Ita ta ba Sha'aibu, Sha'aibu ya ba babana Lawandi,
baduku, mai yatsu ja da jini-jinin karan dafi,
shi ya danƙa mini a gadon asibiti
ya rufe hannuna da nasa, bai ce uffan ba.

Shekara talatin ina jan wannan salsala
ga duk baƙon da ya zauna mini a tabarma,
har yarana suna riga ni kaiwa Agadas.

Sai bara na kai shi Kurmi a wanke mini.
Tsohon maƙerin fari, Inuwa Mai-Awarwaro,
ya sa tabarau, ya juya shi, ya bi gefen da farce,
ya tsaya.
Ya ce, wannan tsaga uku, zartona ne.
Kai ɗan Lawandi ne?

Ya ce, na Madugu ni na narka shi.
Shekarar da ka ci jarrabawa, babu kuɗin akwati da littattafai,
ubanka ya kawo shi a aljihun 'yar shara, yana waige.
Ya zama awarwaro biyu, wata mata daga Yakasai ta saya.
Wannan kuwa, shekara bakwai yana biya,
duk Juma'a bayan an sauko, abin da ya samu,
wani mako ma sai gaisuwa.
Liyari duk shekara ɗaya ce a jikinsu,
wa zai gane?

Na fito, ban karɓi canjina ba.
Na ratsa 'yan turare, 'yan sirdi, 'yan tasa,
ina jin nauyinsa a aljihu ya sauya,
ban san ko ya ragu ko ya ƙaru ba.
Haushi ya raka ni har Ƙofar Wambai.
Daga nan sai lissafi:
Juma'a nawa ce a shekara bakwai?
Takalmi nawa, jaka nawa, basilla nawa ta karye?

Dillalin nan na Ikko da ya taɓa taya shi
ya sake kira, na gaya masa gaskiya.
Ya ce, to ai darajarsa ta faɗi.
Na ce, haka ne, a wurinka.

Tsohuwar takardar ban yage ta ba,
na Madugu ce, tana jiran awarwaro biyu
da ke kaɗawa a hannun wata jikar Yakasai
da ba ta san ta sa Agadas ba.
Sabuwar layi uku ce kacal:
Inuwa, Kurmi.
Lawandi, Juma'a ɗari uku da sittin da huɗu.
Ni.

Jikata Kilishi ta karanta jiya,
ta ce, Kaka, ka bar fili a ƙasa.
Na ce, na sani. Je ki wanko hannunki.