Tekun Barmo

A ƙasan adakar Goggo Tabawa,
ƙarƙashin zanen saƙi da ƙwayar kafur,
na ci karo da shi:
ƙanen kakana, Nalado, tsaye ƙyam,
farar riga mai faffaɗan wuya,
hula ta karkace kan kunnen hagu,
bayansa jirgi mai bututu biyu yana tuttuɗa hayaƙi
bisa ruwan da ba shi da gaɓa.

Na juya katin.
Hatimi ya dusashe, tawada ta koma ruwan goro:
Barmo Mai Hoto,
sai wata kalma da gara ta riga ni karantawa.

A gidanmu cewa ake a Ikko aka ɗauke shi,
shekarar da ya shiga sojan ruwa
ya bar gero bai kai ga maimai ba.
Wai igiyar da yake ja ta kai kaurin cinya,
wai ya ga kifin da ya fi zaurenmu tsawo.
Na rubuta wasiƙa can bakin teku,
wata uku ina jira, ko tari ba su yi ba.

Wani tela ne a Ƙofar Ƙaura, allura a leɓe,
ya ɗaga hoton ya yi dariya har ya ƙware.
Barmo? Ai na Sabon Layi ne, yaro,
shi ya ɗauki babana riƙe da sabon keke.

Na je. Shagon ya koma wurin cajin waya.
Mai shayi ya tura ni gun mai gyaran rediyo,
shi kuma ya nuna mini hanyar Rafukka,
gidan Ayashe, autar Barmo,
wadda yana ta rufe wa ido ɗaya.

Ta shafa katin kamar mai tsince tsaba.
Ta ce akwati ne mai ƙafa uku,
Baba ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle,
kar ka motsa, kar ka ƙifta,
ya zare murfi, ya ƙirga uku, ya mayar.
Masu cewa yana kwasar kurwa da rana
su ne ke sallama bayan la'asar, da wankakkiyar riga.

Na ce, to tekun fa?
Ta ce, yana bayan ɗaki.

Hutu Nalado ya zo, kwana goma sha biyu,
uwarsa ta ƙi yarda akwai ruwan da ya fi ƙarfin ido.
Shi ke faɗa, Baba ke zanawa
kan alawayyo kamu takwas.
Marina suka ba da baba,
farar ƙasa ta yi kumfa, gawayi ya yi hayaƙi.
Ƙara shuɗi, in ji Nalado, ƙara dai.
Baba kuwa ko Kwara bai taɓa gani ba.

Na sake duban hoton.
Igiyoyin ruwan a jere suke, sahu-sahu,
kunyoyin gona ne sak, hannun manomi.

Muka zaga. Ga shi an ɗaure da kaba
yana yi wa awaki inuwa.
Damina sittin ta sha shuɗin,
saura bututu ɗaya da rabin tuta,
wata akuya na tauna gefen sararin sama.

Nalado ya koma ranar Talata.
Wasiƙa biyu, sai shiru.
Ba mu san ƙasar da ta karɓe shi ba, in ma ƙasa ce.

Na ce, Barmo fa, ina nasa hoton?
Ta ce, wanzami ba ya son jarfa.
Amma duba gun ƙafar kakan naka.

Nan ƙasa, inda rana ta biyo ta baya,
inuwa ta kwanta kan takalmin Nalado:
ƙafafu uku, da doron mutum ya sunkuya,
hannu ɗaya a sama, riƙe da murfi,
bai kai ga uku ba tukuna.