Kana Nan? Ina Nan

Ofishinmu ɗaki uku ne a Gawon Nama,
albasa da kirgi muke turawa kudu.
Wasiƙun cinikin duka a akwatin ƙarfe ɗaya suke kwana,
ƙarƙashin teburin Luba mai lissafi,
inda take tuɓe takalmi in zafi ya kai mata karo.

Da bazara taransifoma ta ƙone.
Kwana biyu imel bai shigo ba.
Mutumin Fatakwal ya gaji da jira,
ya ba 'yan Aliero cinikin tirela huɗu.
Alhaji Modi bai yi faɗa ba,
ya dai yi mini kallon rijiyar da ta ƙafe ranar suna.

Na ce a sayi saba ta biyu.
Ya ce, "Mi za ta yi?"
Na ce, "Jira."
Ya ce, "Ina da ƙanen mata da ka wannan aiki, ga shi ban biyan shi."
Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya."
Ya ƙirgo kuɗin yana tsaki.

A bayan kabu-kabu na rungume ta har Arkilla,
gidan Sahabi, wani layin wuta daban,
faranti shida na shan rana a kan kwano,
batir biyu, fanka, da katangar kwali don kaji.
Dare huɗu ina kwafe wasiƙun shekara tara,
har da gardamar buhu goma sha ɗaya da ba a gama ba.

Na koya musu gaisuwa.
Duk minti ta Arkilla ta ce, "Kana nan?"
ta Gawon Nama ta ce, "Ina nan."
In an yi sallama uku ba amsa,
ƙaramar ta miƙe ta karɓi baƙi,
ba kuka, ba tambayar mi ya faru.

Ranar Asabar bayan isha'i na cire wayar da hannuna,
kamar mai toshe hancin ɗansa ya ga ko zai farka.
Minti uku ina jin zuciyata a kunne.
Sai wayata ta yi ƙara: gwaji, gwaji, ya iso.

Cikin Agusta ruwa ya ɓalle silin,
ya cika takalmin Luba, ya kashe ta farko.
Wasiƙa sittin da ɗaya suka sauka a Arkilla tsakanin kaji.
Ba wanda ya lura.
Alhaji har ya tambaye ni ko na'urar nan ta taɓa yin amfani.

Da na koma gida na zauna bakin ƙofa,
ina lissafin sallama nawa Inna ta yi daga Gwadabawa
tun watan jiya, ban amsa ba.
Ita ba ta da ta biyu.
Na danna lambarta.
Ta ce, "Kana nan?"