Abin da Takardar Ba Ta Faɗa Ba

Zuwera, na ji takardarki ta iso,
Inna ta raba goro har ƙofar masallacin Aboabo.
Ajiye wayar nan, matso kusa,
in gaya miki abin da ba su rubuta ba.

Sun ce bokiti ɗaya, zanen gado biyu,
takalmi marar ƙara, agogon maƙalawa a ƙirji.
Sun manta da ƙafa.
Ki taho da ƙafar tsayuwa, ƙanwata,
wadda ba ta san hanyar kujera ba.

Zangon farko na ƙasusuwa ne,
ɗari biyu da shida, kowanne da sunansa
cikin yaren da masu shi suka daɗe a ƙasa.
A tiro-tiro na haddace su, daga Asawase zuwa Bantama,
ina taɓa gwiwa, ina motsa baki,
har wata mai tallan kifi ta ja kwandonta gefe,
a zatonta kaina ba ɗaya ba.

Akwai wata matar roba a ɗakin gwaji.
Allura dubu ta sha, an juya ta, an wanke ta,
ko wayyo ba ta taɓa cewa ba.
Kada ta ruɗe ki.
Ranar da fatar gaske ta yi tsuma ƙarƙashin yatsanki
za ki san lemo da roba ba mutum ba.

Sai Madam Boatemaa.
Za ta duba farcenki kafin ta amsa gaisuwarki.
In kusurwar shimfiɗa ta karkace da faɗin tsinke
ta yaye zanen duka, ta ce sake.
Wata bakwai ina kwana da haushinta,
ban bar ta a addu'ar neman tsari ba.

Daren farkona a ɗakin maza
aka ba ni wani tsohon manomin koko daga Offinso,
Opanyin Kwarteng, gado na tara.
Ba ya jin Hausa, ni kuma Asantancina na cinikin doya ne a Kejetia.
Na kama wuyan hannunsa ina ƙidaya,
ashe bugun zuciyata nake ƙirgawa.
Ya yi dariya, ya gyara mini yatsuna da kansa,
kamar ba shi ne marar lafiyar ba.

Dare na huɗu, ƙarfe uku da kwata,
na kama hannun nan, babu abin ƙidaya.
Madam ta ja labule. Muka wanke shi tare.
Ta naɗe kusurwar zanensa tsaf,
kamar zai farka ya duba.
Da asuba ta saya mini koko da ƙosai a bakin ƙofa,
ta tsaya har na shanye.
Ba ta ce komai ba.

Alawus kuwa, ki ɗauke shi kamar baƙon da ya ce yana hanya.
Garin rogo da sukari ba sa saɓa alkawari.
Sallah za ta zo kina riƙe da tasar fitsari,
ki ji ƙaran soya nama ta waya,
ki ce wa Inna ai kin ƙoshi, ba ki yi kuka ba.

Hutun farko duk zango zai kira ki likita.
Baba Ɗanjimma zai naɗe hannun riga tun daga lungu,
maƙwabta su kawo ƙullin magani ki karanta.
Kalmar da ta fi duk na littafi wuyar faɗa
ki koye ta da wuri: ban sani ba.

Amma akwai wani yaro, Yaw, da aka shigo da shi a kafaɗa,
ya fita da gudu bayan sati uku, ya manta silifas ɗinsa.
Har yau yana cikin akwatina.

Ungo agogona.
Yana gaba da minti biyu, kada ki gyara.
Shi ya sa ban taɓa makara ba.